Gizagon Ƙumba da Kuɗin Wuri: Tarihin Mutanen da Ƙasarsu Ba Ta da Dutse

Manomin Damri ta ƙasar Zamfara bai taɓa sanin dutse abin nema ba ne. Idan fartanya ta dakushe ga dutsen wasawa a gindin bishiya, idan ta karye ga maƙeri ranar kasuwa a Bakura ko Talata Mafara. Ka tashi daga Mafara ka nufi Maru, ka wuce Gusau har Kwatarkwashi, duwatsu ne ke yi maka rakiya hagu da dama. Tama kuwa a ƙasar nan ake haƙo ta, kafin ƙarfen mota da na jirgin ƙasa su sa a daina narka ta. Ko waɗanda suka zauna a ƙasar Hausa tun ba a san ƙira ba, ba su rasa abin aiki ba. Gatarin aradu da manoma kan tono a gona, suna cewa tsawa ce ta jefo shi, gatarin dutse ne da wani mutum ya zauna ya goge da hannunsa shekaru dubbai da suka shuɗe.

Akwai kuma waɗanda Allah ya zaunar da su inda babu ko tsakuwa mai tauri. A tsakiyar tekun Pasifik akwai tsibiran Kiribati da Tubalu da Mashal, waɗanda yashi ne kawai da farar ƙasa da ƙananan halittun ruwa suka tara, tsayinsu bisa ruwa bai wuce mita biyu ko uku ba a yawancin wurare. Wani Bajamushe masanin tsirrai, Adelbert von Chamisso, ya sauka a tsibiran Mashal a 1817, ya kuma ba da labarin yadda mutanen wurin ke samun dutsen wasa kayan aiki. Jira suke teku ta turo wata bishiya da ruwa ya tumɓuke a wata ƙasa mai nisa, su bi saiwoyinta suna tsintar 'yan duwatsun da suka maƙale. Duk wanda aka samu na sarki ne, mai satarsa kuwa akwai hukunci a kansa. Duk da haka mutanen nan sun sassaƙa jiragen da ke ratsa ɗaruruwan kilomita a teku, sun gina gidaje, sun ciyar da iyali. Ɓawon halittun teku ne ƙarfensu: ƙumba mai ɓari biyu, da katantanwa mai murɗe.

Wannan sana'a ta girmi zaman waɗancan tsibirai nesa ba kusa ba. A 1891 wani likitan sojan Holan, Eugène Dubois, ya soma haƙa a Trinil, bakin kogin Solo a tsibirin Jawa na Indunusiya, inda ya tono ƙasusuwan halittar nan mai tafiya da ƙafa biyu da masana ke kira Homo erectus. Tare da ƙasusuwan ya kwaso tarin ƙumbar kogi, dangin wadda yara ke tsinta a yashin gulbi idan ruwa ya janye. Aka zuba su cikin akwatuna a gidan tarihi na Leiden, suka yi fiye da shekara ɗari a can ba wanda ya lura da abin da ke jikinsu. Sai a 2014 Josephine Joordens da abokan aikinta suka bayyana abin da suka gani da suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Da yawansu na ɗauke da ƙaramar huda daidai inda naman ke riƙe ɓarin biyu, irin hudar da haƙorin kifin shak ke yi, kuma da an soki wurin sai ƙumbar ta buɗe baki ba tare da an fasa ta ba. Ɗaya an gyara mata gefe, har ya yi sulɓi saboda yawan yanka ko kankara. Wata kuma an zana mata layi mai hawa da sauka. Awon kimiyya ya nuna shekarunsu tsakanin 430,000 da 540,000.

A ganina shekara ɗarin nan da ƙumbar Trinil ta yi a akwati ita ce zuciyar labarin. Rabon tarihin ɗan Adam zuwa zamanin dutse, zamanin tagulla da zamanin ƙarfe, wani mai kula da gidan tarihi a Denmak, Christian Thomsen, shi ya yaɗa shi a 1836, kuma da kayan Turai ya auna. Mai haƙar kufai ya taso da wannan karatu, idonsa na neman dutse. In ya ci karo da tarin ɓawo sai ya ce shara ce ta abin da aka ci, ya auna nauyinta ya ture gefe. Shi ya sa aka daɗe ana yi wa mutanen tsibiran gabashin Asiya kallon marasa fasaha, domin kayan dutsensu ba su da fasali. Ashe wani sashe na fasahar tana cikin abin da ake turewa.

A kogon Golo da ke tsibirin Gebe, gabashin Indunusiya, Peter Bellwood ya yi haƙa a shekarun 1990. Da Katherine Szabó ta sake nazarin abin da aka tono, rahoton da suka fitar a 2007 ya nuna cewa tun shekara 32,000 zuwa 28,000 da suka wuce mazauna kogon ke ɗaukar murfin wata babbar katantanwar teku, mai kauri da tauri, suna ɓantararsa don fitar da kaifi, yadda wasu ke yi wa ƙanƙara.

Sai ƙugiya. A kogon Jerimalai na Timor ta Gabas, Sue O'Connor ta jami'ar ƙasa ta Ostareliya ta samu ƙasusuwan kifin tuna da danginsa masu shekara 42,000, da kuma guntun ƙugiyar katantanwa da shekarunta suka faɗa tsakanin 23,000 da 16,000. A 2016 masanan Japan suka sanar da wasu ƙugiyoyin daga kogon Sakitari na tsibirin Okinawa, masu kimanin shekara 23,000. Duk masuncin da ya taɓa ɗaura mamari ya san ƙugiya ba wasa ba ce, in lanƙwasar ta yi faɗi kifi ya zame, in ta matse ba ta kama ba. Su kuwa sai sun yanko faifai daga gindin katantanwa, su huda tsakiya, su yi ta faɗaɗa hudar da goga, sannan su buɗe gefe guda su fiƙe bakin. Ƙyallin cikin ɓawon shi kansa yana jan kifi. A tsibirin Alor, kusa da Timor, an tono kabarin wani babban mutum, da alama mace ce, wanda aka binne kimanin shekara 12,000 da suka wuce, an jera ƙugiyoyi biyar a haɓa da muƙamuƙinsa. Abin da aka raka mamaci da shi kabari, ai ba ƙaramin abu ba ne a wurin masu shi.

Amma sarkin kayan aikin tsibiri shi ne gizago. Masassaƙin Zamfara ya san shi, da shi yake fafe turmi da akushi, sai dai nasa bakin ƙarfe ne. Na mutanen Pasifik daga wata ƙumba ake yin sa da ake kira Tridacna, wadda mafi girman irinta kan haura mita guda a faɗi, nauyinta ya wuce kilo 200, ta kuma rayu shekara ɗari. Wajen gindinta, inda ɓarin biyu suka haɗu, ɓawon na da kauri ƙwarai, kuma a nan ake fitar da manyan gizagai. Mai yi zai fasa ta da wani ɓawon mai nauyi, ya zaɓi guntun da ya dace, ya rage shi da ƙananan bugu har ya kama siffa. Daga nan sai guga, a kan farar ƙasa mai kaushi, da yashi da ruwa, har baki ya fito ta gefe guda. Ƙotar kuwa reshe ne mai gwiwa, a kwantar da bakin a kanta a ɗaure tam da igiyar zaren ɓawon kwakwa. Ba ya riƙe kaifi kamar ƙarfe, don haka sara kaɗan sai a koma guga, kuma akan haɗa da wuta, a ƙona itace sama-sama a kankare gawayin. Da irin wannan haƙuri ake fitar da allunan jirgi, a huda gefensu, a ɗinke su da igiya, babu ƙusa ko ɗaya.

Mutanen tsibirin Yap sun kai abin inda hankali ke ɗauka da ƙyar. Kuɗinsu faya-fayan dutse ne masu rami a tsakiya, mafi girma ya kai mita uku da rabi. Dutsen babu shi a Yap, sai sun shiga kwalekwale sun yi tafiyar fiye da kilomita 400 zuwa Palau, su sassaƙo shi da kayan ƙumba, su ɗoro a kan gadon gora su jawo shi gida, wasu su halaka a hanya. Darajar kowane faifai tana tafiya da wahalar da aka sha a kansa. Bayan 1871 wani matuƙin jirgi ɗan asalin Ailan, David O'Keefe, ya shigo da kayan ƙarfe da babban jirgi, yana kai su Palau yana dawo da su, su biya shi da busasshiyar kwakwa. Faya-fayai suka yawaita, suka ƙara girma, amma mutanen Yap suka ƙi ba su darajar na da. Ƙaramin da aka sassaƙa da ƙumba ya fi ƙaton da aka yi da ƙarfe tsada. Mai karatu ya riƙe wannan, don irinsa ya faru da mu.

A ɗaya gefen duniya, tsibiran Barbados da Bahamas su ma farar ƙasa ce, kuma mutanensu na asali da leɓen wata ƙatuwar katantanwa suke yin gatari da gizago da abin haƙa. Mutanen Bahamas su ne waɗanda Kolombus ya fara cin karo da su ranar 12 ga Oktoba 1492. Ya rubuta cewa ba su san ƙarfe ba, har da ya nuna musu takobi suka kama ta wajen kaifi suka yanke hannu. Cikin kimanin shekara 30 Sifaniyawa suka kwashe mutanen Bahamas kakaf, wasu zuwa haƙar zinariya, wasu zuwa nutso a teku don ciro lu'ulu'u. Ba a bar wanda zai ba da labarinsu da bakinsu ba, sai kayan ɓawon da suka bari a ƙasa.

Mu ma a Najeriya muna da mutanen da suka rayu ba dutse. A ƙasar firki ta kudancin tafkin Chadi laka ce zalla, kuma da damina ƙauyuka kan koma tsibirai a tsakiyar ruwa. Graham Connah ya haƙa tudun Daima a Barno a 1965 da 1966, ya tarar da mutanen da suka fara zama a can ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa suna samo ɗan dutsen da suke da shi daga nesa, suna amfani da shi har ya ƙare, sauran kayan kuwa, irin su mashin kifi, da ƙashi suke yi. A ƙasar Hausa ƙarfe ya zo da wuri, an samu shaidar narkar tama a dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, don haka ƙumbar gulbi ba ta wuce ƙaramin aiki ba, kamar makankarin da barwa ke share wa doki gumi da shi. Ɓawon teku na gaske ma muna da shi, amma ya riga ya zama dutse: kusan shekara miliyan 60 da suka wuce teku ta rufe yammacin ƙasar Sakkwato, kuma farar ƙasar Kalambaina da ake ƙonawa a yi siminti tun 1967 cike take da ƙumba da katantanwar wancan zamani.

Ɓawon tsibiri guda ɗaya ne ya shigo kasuwanninmu ya zauna daram, shi ne wuri. Asalinsa tsibiran Maldif ne a tekun Indiya, fiye da dubu, su ma ba dutse ba tama. Mutanen wurin kan shimfiɗa ganyen kwakwa a ruwa mara zurfi, ƙananan halittun su hau su manne, a jawo ganyen a shanya har naman ya ruɓe, a wanke ɓawon. Ibn Batuta, wanda ya yi alƙalanci a can wajen 1343, ya ce wuri 400,000 ake bayarwa a kan dinari guda. Da ya zo ƙasar Mali da Gawo kimanin shekara goma bayan haka, ya tarar 1,150 ne dinari. A tsakanin waɗannan farashi biyu fatake suka ci riba ƙarni bayan ƙarni. A 1964 Théodore Monod ya gano kayan wani ayari da aka binne a hamadar Muritaniya wajen ƙarni na 12, sandunan farin ƙarfe da tarin wuri. A kaburburan Durbi ta Kusheyi kusa da Katsina, da aka haƙa a 1992, an samu wuri cikin kayan adon manyan da aka binne. Ke nan ya fara zuwa mana a matsayin ado. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa, kuma abin da ya fi dacewa a fahimta shi ne a lokacin ya zama kuɗin ciniki. A zamanin wannan sarki ne kuma Zamfarawa, suna kan ganiyarsu, suka kai wa Kano yaƙi.

Abin da ya sa ya wadatu a lokacin ba abin alfahari ba ne. Jiragen Holan da Ingila kan cika cikinsu da wuri daga tekun Indiya, su kai Turai, su sake lodinsa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma su sayi mutane. Jan Hogendorn da Marion Johnson, da suka bi littattafan kamfanonin, sun ƙiyasta fiye da wuri biliyan 10 a ƙarni na 18 kaɗai. Daga gaɓa ya hauro ta ƙasar Yarabawa da Nupe har ya iso mu.

Ciniki da shi aiki ne. A bakin teku ana shirya shi a zare, a ƙasar Hausa kuwa sako-sako yake, sai an zube shi a ƙasa ana ja biyar-biyar da yatsu ana tara tsibi-tsibi, ɗari shi ne zangu, 20,000 kuma keso, kayan mutum guda. Heinrich Barth ya ga ana ƙirga 500,000 a Tasawa a 1851, ya ce sai da mutum biyar ko shida suka taru a kai. A Kano a wannan shekara wuri 2,500 ne dala guda ta azurfa, kuma daidai wannan ne kuɗin ƙasa da magidanci ke biya. A 1853 Barth ya ratsa Zamfara ta Zurmi da Badarawa a kan hanyarsa ta zuwa Wurno, lokacin da auduga da albasa da gero duk da wuri ake sayensu.

Sai abin da ya sami Yap ya same mu. Wajen 1845 wani ɗan kasuwar Hamburg, Adolph Hertz, ya gwada kawo wani irin wuri daga gaɓar Zanzibar, ya fi na Maldif girma da araha, aka kuwa karɓa. Kamfanonin Jamus da Faransa suka rufa masa baya, tsakanin 1851 da 1869 suka sauke sama da tan 35,000. Daraja ta zube, nauyi ya ƙaru. Charles Robinson, da ya zo Kano a 1894, ya ba da labarin dokinsu da ya kasa tafiya suka rasa yadda za su sayar da shi, domin kuɗinsa sai 'yan dako 15, kuma ladansu zai cinye kuɗin ya nemi ƙari. Wannan nauyi na cikin dalilan da suka sa attajirai da sarakuna ke biyan manyan basussuka da bayi, tunda bawa da ƙafarsa yake tafiya. Turawan mulki suka hana shigo da wuri a 1904, anini mai huda ya biyo baya ba da daɗewa ba, ko da yake ƙauyuka sun ci gaba da ƙananan ciniki da shi shekaru da dama. Yau sai a wurin masu magani da masu duba da adon ƙwarya, sai kuma a bakinmu, inda har yanzu muke cewa kuɗi wuri na gugar wuri.

Ƙasar Zamfara cike take da kufai: Dutsi, Birnin Zamfara, Kiyawa, da Sabon Gari na ƙasar Bakura inda jama'ar Shehu Usmanu suka yi zango a 1805. Idan Allah ya kawo zaman lafiya aka samu shiga waɗannan wurare, kirana ga malamai da ɗaliban tarihi na jami'o'in Gusau da Sakkwato da Zariya shi ne kada su zubar da ɓawo ko guda. Wurin Maldif da na Zanzibar sun bambanta a ido, don haka wanda aka tono zai iya taimakawa wajen sanin zamanin da aka zauna a wuri, kuma gefen ƙumba na nuna ko an yi aiki da ita. Manomin da fartanyarsa ta tono tukunyar wuri ko gatarin aradu, ya lura da daidai inda ya same shi, ya sanar da hakimi, a kai shi gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato.